Wutar da Muka Kashe a Garin Sukari

Ɗan maƙwabcina ne ya tono mini wannan zance. Ya samu aiki a sabon kamfanin sukarin da ke can wajen Mokwa, ya zo ganin gida, ya biyo ta rumfata a kasuwar Kontagora inda nake sayar da buhuna. Bayan mun gaisa sai ya ciro waya ya nuna mini wata mota mai baki kamar na fara, tana kutsawa cikin gonar rake tana haɗiye shi a tsaye, tana tofar da shi gunduwa-gunduwa cikin wata motar da ke bin gefenta. Mutum ɗaya ne a ciki, a zaune, gilashi kewaye da shi, rigarsa fara tas.

"Baba, ka ga aiki," in ji shi.

Na ce na gani. Kuma ban raina ba. Abin kirki ne, wanda ke cikin motar nan in ya kai shekaruna bayansa ba zai hana shi ruku'u ba kamar yadda nawa ke yi mini. Amma da ya tafi sai na ji ƙamshin ƙonannen rake a hancina, ni da ke zaune tsakanin buhuna da masu barkono. Ni ba mai dogon karatu ba ne, allo na yi sai 'yar firamare da ban ƙarasa ba. Zan dai faɗi abin yadda ya zo mini.

A gidanmu rake ba baƙo ba ne. Babanmu mai mazarƙwaila ne, yana da gona a fadamar bayan gari, wurin da yanzu an yanka filaye an jera gidajen bulo, ko rijiyar ba a bari ba. Da an kawar da amfanin damina sai mu koma can. Akwai injin matsa na ƙarfe mai dogon itace a kansa, da wani tsohon doki da ke zagayawa da itacen tun safe har rana ta karkata. Har yau in na ji kukan ƙofar da ba mai a jikinta sai in tuna injin nan. Aikina ne in bi dokin da tsumagiya, in tura rake a bakin injin, in kwashe tuƙar in shanya, don ita ce makamashinmu. Baba shi ke kan kasko, ba ya barin kowa ya taɓa ludayin. Yana tsaye cikin tururi yana kwashe kumfa, ya ɗiga kaɗan a ruwan sanyi ya murza da yatsa, in ya yi masa sai ya ce a jera kwanoni. Ƙudan zuma a kanmu, a hannunmu, a bakin dokin, ba wanda ya damu da wani. Yaran yanzu a faranti suka san mazarƙwaila, ba su taɓa sanin ta da zafinta ba.

Abu ɗaya muke tsoro a fadamar nan, wuta. Rake in ya nuna, ganyensa na ƙasa duk ya bushe, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Masu farautar gafiya kuwa ba su da hankali, su cinna wa ciyawa wuta su bi nama, iska ta yi sauran. Baba kullum yana ja mana kunne, in ka hango hayaƙi a fadama ba ka tsayawa tambayar gonar wane ce. Ka karyi ɗanyen reshe ka ruga, tambaya sai an kashe. Ko kuna gaba da mai gonar, ko kana kan hanyar masallaci. Wanda ya tsaya kallo an daina gaishe shi da kirki ke nan, har 'ya'yansa sai an goranta musu. Wata shekara wuta ta ci rabin gonarmu kafin mutane su iso. Na ga Baba ya zauna daɓas cikin toka, maƙwabta na tsaye a kansa da rassa a hannu. Da wannan muka tashi, mu da Kambarin da ke noma kusa da mu, da duk wani mai riƙe fartanya a ƙasar nan.

Ina saurayi labarin garin sukari ya cika tasha. A ƙasar Nupe yake, ƙetaren kogin Kwara. Waɗanda suka je yankan rake suna dawowa da rediyo da dogon takalmin roba, suna cewa can dare da rana ɗaya ne saboda lantarki. Da aka ce mota ta zo ɗibar masu yanka, sai na sami Baba a bakin kasko na faɗa masa. Bai ɗago ba.

"Ana tsakiyar matsa za ka tafi?"

Na ce mota ba za ta jira ba.

"Wa zai bi dokin?"

Ya kwashe kumfa ya watsar, ya sake kwashewa.

"Je ka, Allah ya tsare. Amma in suka koro ka, kada ka biyo mini ta fadama mutane na kallo. Ka wuce gida wajen uwarka, ka shiga ta baya."

Da wannan maganar na hau mota. Ba yunwa nake tsoro ba, ba wahala ba. Ƙofar bayan nan nake tsoro.

A bayan motar na haɗu da Bitrus. Daga wani ƙauye yake a gefen Rijau, Kirista, manomi ɗan manoma, ƙirji kamar turmi. Hausarsa a karkace take fita, ana yi masa dariya yana taya su. Kafin mu kai Sahon Rami ya fito da dafaffen rogo ya raba biyu ya miƙo mini, ko sunana bai tambaya ba. Shi ma da nasa nauyin. Ya baro yayyensa da sussukar dawa, mutanen ƙauyensu har bakin titi suka rako shi, wata gwaggonsa tana rangaɗa guɗa. "In na koma da wuri," in ji shi, "sai dai in zauna a daji."

Bari in faɗi garin tukuna, yadda na san shi a shekarun da na yi a cikinsa. Bayan ka haye gadar Jebba ka saki babban titi, abin da za ka fara hangowa bututun hayaƙin kamfani ne, tsaye shi kaɗai sama da kowace bishiya. Sai rake. Ni da na ɗauka na san rake, ashe ban san komai ba. Ido ya tafi har ya gaji bai ga ƙarshensa ba, an yanka shi gida-gida da hanyoyi miƙaƙƙu kamar an ja zare, kowace hanya da magudanar ruwa a gefenta. Daga Kwara ake jawo ruwan da wasu injuna masu gurnani a bakin kogi, ya bi babbar magudana, ya rarrabu a ƙanana, har ya isa gindin kowane rake a tsakiyar rani. Wani tsohon Banufe mai gadin injunan ya ce mini yana yaro wurin duk laka ce da sauro, ba kowa sai masunta da dorina. Ya ce da masu awo suka zo suna kafa turaku, mutanen ƙauyensu sun yi ta yi musu dariya, wai damina za ta kwashe su da turakun nasu. "Ga shi yau ni nake gadin ruwan," in ji shi.

Garin kansa kamfani ne ya haife shi. Babu ganuwa, babu tsohuwar unguwa, babu wanda zai ce maka kakansa ne ya sari wurin. Kowa baƙo ne, shi ya sa ba mai yi wa wani gori. Titunan an jera musu mangwaro da dogon yaro. Akwai kwatas ɗin manya mai furanni, akwai na akawuna da makanikai, sai barikinmu na lebura, dogayen ɗakuna da famfo a tsakar gida, ka murɗa ruwa ya zo. Akwai asibiti, da makaranta, da filin ƙwallo inda 'yan gona ke karawa da 'yan inji, a yi ta zagin juna har mako ya zagayo. Masallaci da coci ba nisa tsakaninsu, ranar Lahadi nakan jira Bitrus a gindin mangwaro ya fito mu wuce kasuwa. A kasuwar za ka ji Nufanci da Yarbanci da yaren Tibi da Hausa iri-iri, ka ci kifin Kwara da tuwon shinkafa wajen matan Nufawa har ka manta da miyar kuka. Abin da ya fi burge ni shi ne tuƙar rake. Wadda muke shanyawa a gida mu hura kasko, ita ce nan ma ake ƙonawa, amma a wani tanderu da ya fi gidanmu girma. Ita ke juya injuna, ita ke ba gari lantarki. Na ce ashe dabarar Baba ce, sun dai ba ta abinci ta girma.

Jiniya ce sarkin garin. Ita ke tayar da mutane, ita ke sallamar su, har ladanai da ita suke gyara agogonsu. Lokacin yanka gari ba ya rabuwa da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ɗan tsami da ke kama tufa. Da la'asar baƙar toka ta riƙa saukowa sannu-sannu kamar gashin kaza, mata su fito da gudu kwashe shanya suna tsine wa kamfani, kamfanin da mazansu ke ci a cikinsa. Taraktoci na jan tireloli shaƙe da rake, yara na bin su suna zare ɗaya-ɗaya. Wata rana wani makanike ya shiga da ni cikin masana'antar. Na ga rake ya shiga baƙi da ƙasa a jikinsa, na bi shi hawa-hawa cikin zafi da ƙara, har inda yake zubowa fari fat kamar gishiri, da ɗuminsa. Na ɗiba na sa a baki. Daga baya abubuwa suka ja baya, jiniya ta riƙa tsallake kwanaki har ta yi shiru, muka watse kowa ya nufi garinsu. Na ji an ce ana ƙoƙarin tayar da wurin yanzu. Allah ya sa. Wuri ne da ya cancanta.

To duk wannan saura ƙiris ban ga ko ɗaya ba, saboda abin da muka yi ranar da muka sauka.

Da azahar motar ta ajiye mu. Aka nuna mana bariki, aka ce sai da safe helma, wato shugaban masu yanka, zai duba mu ya ba mu adda. Sauran suka kwanta huce gajiya. Ni da Bitrus muka ce bari mu taka mu ga gona. Muna tafe a kan wata hanya tsakanin rake, la'asar ta yi, sai Bitrus ya ja ya tsaya ya ɗaga hanci. Hayaƙi. Muka sha kwana sai ga wuta a gefen wata gona, tana cin busasshen ganye tana tafiya a hankali, don iska na tura ta baya. Ba kowa a wurin. Can ɗaya gefen muna jin muryoyi, amma rake ya tare.

Ba mu yi shawara ba. Ban ma san lokacin da na karyo reshe ba. Bitrus ya tuɓe rigarsa ya tsoma a magudana ya shiga jibgar wutar, ni ina bi da reshe, muna kiran a kawo ɗauki. Muka tsinci wata tsohuwar garwa da aka yar a bakin ruwa, muka yi ta kamfata muna watsawa. Can cikin gonar wuta ta tashi sama da ƙara kamar ana harbi, wannan ta fi ƙarfinmu, amma kusurwar da muke mun ƙwace ta. Muka jiƙe ta sharkaf. Da wutar ta cinye sauran ta mutu, kusurwarmu na nan tsaye kore shar, mu kuma muna gabanta muna haki, gashin girar Bitrus duk ya babbake. Wallahi a ranmu jira muke a zo a gode mana.

Sai ga wani dattijo a kan keke, gajere, da hular kaki, bayansa mutane riƙe da sanduna masu tsumma a kai. Ya sauka ya jingine keken. Ya dubi kusurwar, ya dubi garwar, ya dube mu.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu ne, Baba," in ji Bitrus yana murmushi. "Allah ya sa muna kusa."

Ɗaya daga cikin masu sandunan ya zauna a ƙasa don dariya. Dattijon bai yi ba.

"Daga ina?"

Na ce Kontagora.

"A Kontagora in mutum ya hura wuta zai dafa abinci, bi kuke ku kashe?"

Shi ne helman. Da Hausarsa ta Nufawa ya yi mana bayani kamar yana yi wa 'yan yaye. Nan ba a yankan rake da ganyensa. Sai an sa masa wuta da gangan, ta lashe ganye da ƙaiƙayi ta kori macizai, karan kuwa ba abin da ke samun sa don ruwa ne a cikinsa. Wutar da muka gani tana tafiya a hankali su suka fara sa ta, don ta share gefe kada babbar ta tsallaka gonar gaba. Ya ce mu gode Allah da muka jiƙa wurin ba ta tsallaka ba. Bitrus ya ce, "Da gangan, Baba? Abinci?" Har muka bar garin nan bai gama yarda da wannan ba.

Wani ya ce a sake cinna wa kusurwar. Helma ya ɗebi ƙasa ya saki, ya ga inda ƙurar ta nufa, ya girgiza kai. Iska ta juya, wurin kuma a jiƙe.

"Ku kuka hana ta ci, ku za ku yanke shi ɗanye. Gobe tarakta za ta zo kwasa da jiniyar la'asar. In ta tarar da kara ɗaya a tsaye a nan, motar da ta kawo ku ba ta tafi ba tukuna, da ita za ku koma."

Da sassafe aka ba mu adduna. Sauran masu yanka suka shiga ƙonannen rake, kara tsirara ba ganye, suna sara suna jerawa suna waƙa, kafin hantsi sun yi baƙi ƙirin sai idanu da haƙora. Mu kuma muka fuskanci abin da muka ceta. Na sha yankan ɗanyen rake a gida, amma namu a tsaye yake, da tazara. Wannan ya yi kauri ya kwanta ya sarƙe da juna. Ganyen na yankan fuska kamar reza, ƙaiƙayi na shiga wuya da hammata, sai ka sare ka ja ka share ganye kafin ka ajiye kara ɗaya. Masu wucewa shan ruwa suna ɗaga mana hannu. "Sannunku 'yan kwana-kwana. Akwai wata wutar a kicin ɗin manaja, ku hanzarta." Rana ta take, tafin hannuna ya fashe, na duba abin da muka yi na duba abin da ya rage. Ko da wasu biyun aka ƙara mana ba za mu gama ba. Na fara ganin ƙofar bayan gidanmu a idona, da yadda zan sunkuya in shiga. Bitrus kuwa sara kawai yake, jini na bin damtsensa.

Bayan azahar ne ya kai sara gindin wani rake da ya kwanta, sai wani abu ya fito a guje ta tsakanin ƙafafunsa, ƙato, gashi a tsaye. Gyazbi ne, naman dajin nan mai kama da ƙaton ɓera da ke cin rake. Ya tsallaka hanya ya faɗa wajen masu yanka, wani ɗan Tibi ya jefe shi da adda ya samu. Kafin a gama murna wani gyazbin ya sake leƙowa, ya ga mutane, ya koma ciki.

Wani dogon Bayarabe da tun safe ya fi kowa yi mana tsiya ya tsaya ya dubi kusurwarmu, ya juya ya dubi faɗin gonar da ta ƙone.

"Jama'a, duk naman da ya guje wa wutar jiya, ina ya shiga?"

Sai gani na yi mutane na barin layinsu suna tahowa da adduna. Suka kewaye kusurwar ta kowane gefe, kafaɗa da kafaɗa, suka shiga sara suna matsowa ciki. Ba don mu ba, kada in yi musu ƙaryar kirki. Nama suke so, kuma ba hanyar kaiwa gare shi sai an kwantar da raken. Duk wanda ya sare sai ya share ya jefa baya a jere, don hannu ya riga ya saba. Muna matsowa, abin da ke ciki na rikicewa. Gyazbi, gafiya, zomo, har da wani maciji da ya sa gefe guda ya watse ya sake haɗuwa. Bitrus ya damƙe wani ƙaton gyazbi da hannu zai murɗe masa wuya, wani malami ɗan Bida ya riƙe shi.

"Tsaya ɗan'uwa, kawo in yanka. Kada ka haramta mana rabonmu."

"Malam, ai ɗazu ka ce ɓera ne," in ji Bitrus.

"Ɗazu a guje yake."

Ana cikin haka jiniya ta yi kuka. Na ɗago. Tarakta na tahowa can ƙarshen hanya, keken helma a gabanta. Inda kusurwarmu take babu komai sai tarin ganye da rake a jere, da mutane baƙi ƙirin suna gardamar rabo.

Helma ya sauka ya zagaya wurin a hankali, yana taɓa gindin raken da ƙafa ko an sare shi har ƙasa. Ya zo gabanmu.

"Ku biyu kuka yi wannan?"

Na buɗe baki, Bitrus ya riga ni. "A'a, Baba. An taya mu."

"Na gani, ina da ido." Ya juya ga sauran. "Ku kuma wa ya ce ku bar layinku?"

Bayaraben nan ya ɗauko gyazbin da ya fi ƙiba, ya je ya ɗaure shi a bayan keken helma. Helma ya daɗe yana duban naman. Sannan ya dube mu, mu da muke riƙe da adduna muna jiran ya miƙo hannu ya karɓe su.

"Me kuke jira? Ku wanke su ku wasa. A nan mutum da addarsa yake kwana." Ya ɗora ƙafa a kan feda, sai kuma ya waiwayo wajen mutanensa. "Gobe da la'asar za mu sa wa gonar gabas wuta. Waɗannan biyun a kulle min su a bariki har sai ta mutu."